Ɗanyen Geron Hure

A Unguwar Marke, cikin ƙasar Tofa, idan mutum ya cika gaggawa akan ce masa, "Kai kuma ka zama Hure?" Yaran da ke faɗar haka yanzu ba su san mafarin maganar ba. Sun dai tashi sun tarar da wata tsohuwa da ke yanke geronta kowace shekara tun bai ƙosa ba, suka ɗauka taɓin hankali ne. Hankalin Hure ƙalau yake. Katanga ɗaya ce ta raba ɗakina da nata fiye da shekara arba'in, ko tari ta yi ina ji, don haka ni ce zan faɗi abin da ya faru.

Mutuniyar wani ƙauye ce a bayan Dawakin Tofa. Bazawara ce lokacin da Sama'ilu ya auro ta, shi kuma matarsa ta rasu ta bar masa yaro ɗaya, Ja'afaru. Hure ce ta ƙarasa renonsa. Ba mace ce mai sakin fuska ba. Ban taɓa jin ta yi waƙa a bakin turmi ba, kuma idan aka ari rariyarta aka kwana da ita, da sassafe za ta aiko. Sana'arta daddawa, ta kuwa iya. Ta haifa wa Sama'ilu uku: Muntaka, Furera da Tasi'u.

Gona ɗaya Sama'ilu ya mallaka, arewa da gari. A wajenmu babu daji, inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta soma, layin gamba ne kawai tsakani. Hanyar zuwa gonarsa siririya ce, faɗin jaki ɗaya, ta ratsa tsakanin gonakin mutum goma sha biyu kafin ta kai. Duk rani yakan ɗora itace a jaki ya kai birni, ya dawo da mangalar taki. Shi ya sa gonarsa ta fi ta kowa a layin.

Yana da wa, Dabo. Lokacin da suka raba gandun ubansu an yi rigima a kan wata ɗorawa da ke kan iyaka. Ɗorawar ta faɗa wajen Dabo, mutane suka yi ta cewa ya danne ƙaninsa. Ko ya danne ko bai danne ba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne maganar ta zauna masa a wuya, shekara goma yana neman hanyar da zai wanke kansa.

A tsakiyar shekarun tamanin muka yi damina uku a jere ruwa na ɗaukewa da wuri. Rumbuna suka zama wurin kwanan kaji. Aka sayar da awaki, aka sayar da kwanukan jere. A shekara ta huɗu ruwa ya makara, amma da ya zo ya zauna. Gero ya yi kyau irin wanda muka manta ana yi. A cikin watan takwas, gero na fid da kai, Sama'ilu ya kwanta da ciwon ciki, kwana uku ya rasu. Muntaka na da shekara bakwai, Furera biyar, Tasi'u yana goye.

Ranar sadakar bakwai aka yi maganganu biyu a zauren gidan, muna jin su daga tsakar gida. Ta farko Dabo ne ya yi ta. Ya ce kowa ya san halin da ake ciki, ba wanda ke da hatsin ciyar da gida biyu. Idan an girbe gonar marigayi rumbu ya cika, Hure ta zauna ta riƙe 'ya'yanta a ɗakinta. Idan ba a samu ba, sai dangi su raba yaran, kowa ya ɗauki wanda zai iya.

Ta biyu Ja'afaru ne. A lokacin ya kai shekara ashirin da biyu, yana yaron mota a wata babbar mota da ke zuwa Kudu. Ya ɗaga murya yadda har mata za su ji, ya ce, "Ni zan koma aiki, sai sadakar arba'in. Gonar nan dukiyar marayu ce. Kada wanda ya taɓa ko kara ɗaya sai na dawo an yi rabo."

Bai ambaci suna ba, amma kowa ya dubi Dabo. Dabo ya ce, "Kun dai ji. Ni ko inuwar gonar ba zan shiga ba."

Ba mugunta ce ta sa Ja'afaru ya faɗi haka ba. Ƙannensa yake karewa, don da labarin ɗorawa ya girma.

Hure ta shiga takaba. Aka kawo Gwaggo Fadima, ƙanwar uban su Dabo, ta zauna da ita. Ba kwalli, ba lalle, ba ɗaga murya, ba wuce zaure har wata huɗu da kwana goma. Aka ba ta 'yar wuƙa ta riƙe duk inda za ta a cikin gida, kamar yadda ake ba kowace mai takaba. A garinmu kuma an yarda da wani abu: ƙasar noman da mai takaba ta taka ba ta ƙara yin tsaba sai bayan shekara bakwai. Ban taɓa ganin wannan a littafi ba, amma ban san mutum ɗaya a Unguwar Marke da ya yi shakkarsa a lokacin ba.

Kwana talatin da ɗaya da rasuwar, masu dawowa daga kasuwar Bichi suka zo da labarin fara. Sun ce ta sauka a ƙauyukan arewa, inda ta kwana ko ganyen kuka ba ta bari ba. Wani ya kawo guda biyar a cikin hularsa don kada a ƙaryata shi. Kafin la'asar mai unguwa ya sa aka yi shela: kowa ya yanke geronsa. Geron ya yi tumu, ana iya gasa shi a ci, amma yana bukatar kwana goma kafin ya ƙosa. Wanda ya yanka a haka zai sami rabin abin da ya sa rai. Rabi ya fi babu, don haka gari ya watse zuwa gona.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamaren garin, shi ya sa nake fita, ba kamar sauran matan aure ba. Washegari ba yaro ko ɗaya da ya zo makaranta, na dawo gida tun da hantsi. Ina ajiye jaka na ji ana ƙwanƙwasa katanga da ƙotar wuƙa.

"Malama."

"Na'am, Hure. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Kin ji shela?"

"Na ji."

"Ki je gona ki ce wa Yaya Dabo ya yanke na marigayi. Ki ce ni na ce."

Na same shi a gonarsa shi da 'ya'yansa biyu, suna kwantar da kara, gumi ya jiƙe masa riga. Da ya gan ni ya dogara da magirbi ya ce, "Malama, yau boko ne ya biyo ni har gona? Ai na tsufa da aji ɗaya."

Na faɗa masa saƙon. Ya daɗe yana kallon gonar ƙaninsa, wadda ke ƙarshen hanya, zangarniya tsaye kamar an jera.

"Kina nan yaron nan ya yi magana," in ji shi.

"Ina nan. Amma bai san fara za ta zo ba."

"Bai ce sai in fara ta zo ba. Ya ce ko kara ɗaya. In na yanka ɗanye ya ƙanƙance, ya dawo ya ga ɗan abin da ke rumbu, me zai ce? Baffa ya kwashe rabi. Ya ci ɗorawa, ya dawo ya ci geron marayu. Ni zan shiga kabari da wannan?"

"To a kira shaidu."

"Wane shaidu? Duba ki gani, wa ke da lokacin tsayawa? A tambayi Liman. In ya ce a yanka, da hannuna zan yanka."

Na bi ta kan mutum huɗu a hanyar dawowa. Kowa ya ce Allah ya raba shi da dukiyar marayu, ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Ni kaina ban taɓa riƙe magirbi ba, amma wuƙa ai na iya riƙewa, yankan zangarniya ba wani abu ba ne. Ban yi ba. Tsoron da ke cikinsu shi ke cikina.

Ba al'ada ba ce matar aure ta je gaban Liman da tambaya, don haka na sa maigidanmu. Ya ce zai tambayi limamin, Malam Uwaisu, bayan sallar magariba. Ya dawo ya ce mini, "Malam ya ce a yi nesa da dukiyar marayu sai an yi rabo. Ya ce wuta ce." Na isar wa Hure ta katanga.

Da safe na shiga gidan. Na san wani abu guda. Muna aji uku a sakandare malamin addini ya taɓa gaya mana cewa mai takaba tana iya fita da rana idan larura ta kama, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Na faɗa wa Gwaggo Fadima haka. Tana sakin zare a mazari, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malamin naku a birni yake?"

"A birni yake."

"Yana da gona a layin nan?"

"A'a."

"To."

Na bar maganar a nan. Shekara ashirin da takwas gare ni, kuma ban tabbata na riƙe karatun daidai ba. Amma Hure na bakin ƙofar ɗakinta, ta ji.

Kwana na uku da shela, da hantsi, na ji hayaniya a waje. Na fito na tarar Hure ta wuce zaure. Ta goya Tasi'u, ta yafa tsohon zanen takabarta, wuƙar na hannunta. Gwaggo Fadima na binta tana salati. Hure ba ta sauri, ba ta kuma waiwaya ba, har ta kai bakin siririyar hanyar.

A nan ta tarar da mutane. Masu gonakin layin sun gama yanke gero, amma dawarsu na tsaye, ko ciki ba ta gama yi ba, ba abin da za a yanka a jikinta. Da suka ga mai takaba ta nufo hanya suka bar abin da suke yi suka tsaya a gaba. Ba wanda ya taɓa ta, ba wanda ya zage ta. Dabo ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Hure, ki dubi Allah. Geron bana kike ji. In kika bi ta nan, gona goma sha biyu za ki kashe, shekara bakwai."

"Yaya, kai ka ce in babu hatsi a raba mini yara."

"Na faɗa. Ban faɗa don ina so ba."

"To ka yanka."

"Liman ya hana."

Hure ta ɗaga kai ta dubi hanyar. Daga inda take ana hango kan ɗorawar da ke iyakar gonar. Can ta ce, "Ku ɗora ni a jaki. Ƙafata ba za ta taɓa gonar kowa ba."

Mutane suka dubi juna. Wani ya ce ai wannan magana ce. Wani har ya juya zai kwanto jakinsa. Sai Gwaggo Fadima ta ce, "In kin isa fa? A kan jakin za ki yi yankan? Dole ki sauka. Gonar wa za ki taka? Ta marayun. Ki ceci geron shekara ɗaya ki kashe musu gona har Muntaka ya yi gemu."

Na ga fuskar Hure a lokacin. Ita ma ta yarda da abin, kamar kowa. Ta tsaya har Tasi'u ya soma kuka saboda rana, sannan ta juya ta koma gida da ƙafarta. Ba wanda ya ja ta.

Bayan azahar farar ta iso. Abin da na soma lura da shi kaji ne, suka ruga ƙarƙashin rumbu. Sai rana ta dusashe, sai wani sauti kamar ruwan sama a kan kwano daga nesa. Ta sauka a kan komai. Maza suka fita da garewani da tsofaffin kwanuka suna bugawa, aka kunna ɗanyen ganye don hayaƙi. Amma ina za a kora ta? Wanda ya tashe ta daga dawarsa, a dawar maƙwabcinsa take sauka. Kafin la'asar an daina korar fara an koma faɗa. Mutum biyu da suka yi shekara talatin suna cin tuwo a zaure ɗaya suka fasa wa juna kai a kan layin gamba.

Kwana biyu ta yi. Ta zage ganyen dawa ta bar kara tsaye. Ta cinye wake har jijiya ta fito. Ta cinye ciyawar kan iyaka, wadda ake yanko wa dabbobin da ke ɗaure a turke, 'yan awakin da suka rage a gari suka yi ta kuka ba abin ba su. Gona ɗaya ce a duk layin da ke da gero tsaye, tsabarsa da taushi, a can ta fi yin dandazo. Waɗanda suka gani sun ce karan har lanƙwasawa yake don nauyinta.

Da asuba fara ba ta iya tashi, sanyi na kama mata fiffike. Ta cika tsakar gidan Hure, ta lulluɓe zana da bishiyar darbejiya. Ina jin motsin tsintsiya na leƙa ta katanga. Hure na sharewa tana zubawa a buhu.

"Gwaggo," in ji ta, "wannan ma gado ce? Sai an yi rabo?"

"Ke dai kwashe, ki bar neman magana."

"Geron marigayi ne. An hana ni zuwa wurinsa, ga shi ya biyo ni gida."

Buhu uku ta tara. Ta tafasa da gishiri, ta shanya a tabarma, gidan ya yi sati yana ƙarni. Da ita suka yi ta haɗawa da ɗan tsakin da dangi suka kawo na gaisuwa.

Ja'afaru ya dawo ranar arba'in da buhun garin rogo a ka. Tun a hanya ya ga abin da ya faru da gari. Ya ajiye kaya ya wuce gona, ya dawo ya zauna a zaure bai gaida kowa ba. Da aka gama addu'a, Malam Uwaisu ya ce a kawo abin da marigayi ya bari a raba. Ya tambayi dami nawa aka samu a gona. Aka ce ko ɗaya.

"Ba a yanke ba?" in ji Liman. Gonarsa na kudu da gari, bai bi ta layin ba. "Dabo, kana ina?"

"Ja'afaru ya ce kada a taɓa."

"Baffa, ai ba wannan nake nufi ba," in ji Ja'afaru.

"Ni abin da ka faɗa na ji. Kuma Malam, kai ma ka hana."

"Ni? Yaushe?"

Maigidanmu ya ce shi ne ya yi tambayar, bayan magariba. Liman ya ce ya maimaita yadda ya yi ta. Ashe don kada ya kama sunan maƙwabci a cikin masallaci, cewa ya yi, "Malam, wai wani mutum ne ɗan'uwansa ya rasu ya bar ƙananan yara da dukiya. Ya halatta ya sa hannu a ciki kafin rabo?"

Liman ya ce, "Wannan ka tambaya, wannan na amsa. Da ka ce geron Sama'ilu ne fara za ta ci, da ni da kaina zan zo in tsaya a yanka a ajiye. Tsare dukiyar maraya ai shi ne wajibi. Ita ma matar, da ta fita da rana ta yanke ta dawo, ba ta yi laifi ba."

Wani daga baya ya ce, "To batun taka gona fa, Malam?"

"Wannan ban same shi a karatu ba."

Hure na zaune a bayan ƙyauren da ke tsakanin zaure da cikin gida, ni ina gefenta. Duk ta ji. Ta juya wuƙar a hannunta sau biyu, ta tashi ta tafi ta duba tukunya.

Aka raba gona, tunda ita kaɗai ta rage. Tumunin Hure, wato kasonta na ɗaya bisa takwas, ya kama kunya tara a gefen gabas. Aka zo kan yara. Geron da mutane suka yanka ɗanye ya bushe ya ƙanƙance, dawa kuwa ba alamar za ta farfaɗo, don tun zuwan farar ruwa ya ɗauke. Dabo ya ɗauki Muntaka. Wata 'yar Gwaggo Fadima da ke aure a Ungogo ta ɗauki Furera, aka ce zuwa kaka mai zuwa za a dawo da ita. Tasi'u aka bar wa uwarsa saboda nono.

Ranar da aka zo tafiya da Furera, Hure na da sauran wata uku a takaba. Iyakarta zaure. Ta ɗaure wa yarinyar kayanta a ɗankwali, ta sa mata daddawa guda biyar ta kai wa matar gidan, ta ce, "Ban da ƙiwa, ban da fitsarin kwance." Shi ke nan abin da ta faɗa. Yarinyar na ta waiwaye har suka sha kwana.

Muntaka gida uku ne kawai tsakaninsu, amma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta kira shi ta zaunar. Yakan wuce ta ƙofar gidan da tulun matar Dabo, wadda ya koma kira Inna. Hure takan bi shi da ido ta zaure. Kakar da aka yi alkawari ta zo ba ta yi kyau ba, ta bayanta ma haka. Kafin rumbuna su dawo daidai Furera ta shiga makaranta a Ungogo, aka ce kada a katse mata karatu. A can ta girma, a can aka yi mata aure. Takan zo da salla, ta durƙusa ta gaida Hure kamar yadda ake gaida gwaggo, ta ajiye sabulu da turmin atamfa, kafin la'asar ta tafi.

Da Hure ta fita takaba an yi ta zuwa neman aurenta, ta ƙi. Ta ce aure kulle ne, ita kuwa ta gama zama a bayan zaure. Ta zauna a ɗakinta ita da Tasi'u, tana daddawa da rani, da damina ta ɗauki fartanya ta tafi kunyoyinta tara. Wuƙar takaba akan mayar wa mai ita idan an gama. Hure ba ta mayar ba, Gwaggo Fadima kuma ba ta tambaya ba.

Shekarar farko da ta yi noman kanta, gero na yin tumu ta yanke shi. Mutane suka ce tsoron bara ne, zai wuce. Bai wuce ba. Kowace shekara, saura kwana goma gero ya ƙosa, za a gan ta da sassafe ta bi siririyar hanyar da wuƙar nan. Tsabarta kullum ƙanana, rabi ƙaiƙayi, ga saurin yin ƙwari a rumbu. Taki kuwa tana zubawa fiye da kowa. Duk wahalar damina takan yi ta, sannan ta zubar da rabin amfanin da hannunta.

Dabo ya yi mata magana sau ɗaya. Ya ce, "Hure, ki ƙara ko sati ɗaya mana." Ta ce, "Yaya, ka taɓa cewa ko inuwar gonar nan ba za ka shiga ba. Ka riƙe alkawarinka." Bai sake ba har ya rasu. Ja'afaru ya zauna a Kudu, ya bar wa Tasi'u nasa kason yana nomawa, duk shekara yana aiko wa Hure da manja. Tana karɓa, tana sa albarka, ba ta taɓa ɗora masa laifi a gabana ba.

Da Tasi'u ya girma ya yi ta fama da ita. Nasa geron yakan bar shi ya ƙosa, ya kawo mata zangarniya biyu, tasa da tata, ya ajiye a gabanta.

"Inna, dubi bambanci."

"Na gani. Taka ta fi."

"To me ya sa?"

"Tawa tana rumbu tun kwana goma da suka wuce. Taka a waje ta kwana."

Ni ma na gwada, muna zaune a tsakar gidanta tana ɓarzar kalwa, mu duka mun yi furfura. Na ce, "Hure, yau shekara nawa rabonmu da fara irin waccan? Ta wuce ashirin."

Ta ce, "Ta aiko miki ta ce ta fasa zuwa?"

Na ce a'a.

"To miƙo mini faifan can."

Maganar taka gona ta mutu a garinmu a hankali, ba tare da wani ya yi shela ba. Yanzu mai takaba na zuwa asibiti, tana zuwa wurin aikinta. Hure ta ga wannan duka da idonta. Bai sa ta ƙara wa geronta kwana ɗaya ba.

Shekara takwas ke nan da rasuwarta. Ta kwanta tun farkon damina, ƙafafu suka kumbura, Tasi'u ne ya shuka mata kunyoyinta ya nome. Da ta ji jikin ya yi nauyi ta kira shi, ni ma ta sa aka kira ni in zama shaida. Ta ciro wuƙar daga ƙarƙashin matashi, ƙotar ta sha ɗauri da waya, bakin ya cinye saura kaɗan.

"Ranar da aka kai ni, kada ka zauna karɓar gaisuwa sai ka yanke geron nan. Kafin wani ya buɗe baki ya ce gado ne."

"Inna, ko bununi bai gama zubarwa ba."

"Malama, kin ji abin da na ce?"

Na ce na ji.

Bayan kwana shida ta cika, da safe. Aka kai ta kafin azahar. Daga maƙabarta Tasi'u bai biyo mutane gida ba, ya wuce gona. Muntaka ne ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa shi kaɗai, ana ta tambayarsa ina ƙaninsa, yana cewa yana zuwa. Da la'asar Tasi'u ya shigo da dami huɗu a amalanke, kore shar, in an matsa tsabar da farce ruwa ne ke fita.

Da aka shanya aka sussuka, abin da ya fito bai cika buhu ba. Aka raba shi tsakanin su ukun. Furera ta ce a bar nata kason a ba kaji, su a gidansu ba a cin tuwon gero.